Fentin Babur a Ƙasar Baƙar Laka

Wanda ya taɓa ratsa gonakin da ke kewaye da Gadarif a ƙarshen rani ya san abin da rana ke yi wa jan launi. Tarakta Massey Ferguson kan iso jawur, bayan 'yan shekaru sai ka tarar bayanta ya koɗe ya yi fari-fari, in ka shafa da tafin hannu garin fenti ya biyo ka. Manomi ko a jikinsa, muddin garma na shiga ƙasa. Mai babur ɗin tsere kuwa rabin abin da ya zuba wa kuɗi launi ne, saboda haka abin da bai dami manomi ba shi yakan hana shi barci. Sannan in ya tashi neman gyara, hannun da zai miƙa wa babur ɗin a garin nan hannu ne da ya koyi sana'a a jikin tarakta da babbar mota. Fentin babur ya sake hali aƙalla sau uku cikin shekara tamanin, amma dabarun kula da shi sun fi shi jinkirin sakewa. Yawancin tankunan da suka lalace a hannun masu ƙaunarsu, maganin wani zamani aka yi wa cutar wani zamanin.

Gadarif, wadda a da ake kira Suk Abu Sin, garin hatsi ce. Jirgin ƙasa ya iso ta daga Kasala a 1928, ya zarce Sinnar a shekara mai bi. Hausawa sun riga jirgin zuwa, don hanyar Hajji ta ƙasa ta nan yankin ta bi, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a ta ƙara kwararowa gabas, har Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin kogin Nilu Shuɗi. Da yawa sun yada zango a gonakin dawa da riɗi don su tara guzuri, guzurin ya taru, su kuma suka zauna. Wajen 1944 zuwa 1945 Turawan Ingila suka soma noma da injina a Gadambaliya, kusa da garin, don ciyar da sojojinsu, kuma a 1968 gwamnatin Sudan ta kafa hukuma ta musamman don irin wannan noma. Injin noma ya jawo makaniki, makaniki ya jawo mai walda, sai samkari mai buga ƙarfe da mai fenti. A unguwar masu sana'a, inda kowane yaro ke ce wa maigidansa usta, jikokin mahajjatan nan sun sami wurin zama kamar kowa.

Ɗan makarantar allo ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda fenti yake, don ya dama tawada. Akwai baƙin da ke ba da launi, akwai ƙaron da ke manne shi a jikin allo, akwai ruwan da ke ɗauke da su ya bushe ya tafi. Fenti ma haka ne, sai dai ƙaronsa na masana'anta ne, ba irin wanda ake tsagowa a dazuzzukan Gadarif a kai kasuwar duniya ba. Wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet, shi ke tsinka wannan ƙaro sannu a hankali. In ƙaron sama ya mutu, ƙwayoyin launi su rasa mariƙi, su zama garin da ke biyo hannu. Gadarif kuwa tana kan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da Damagaram, kuma a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Abin da rana za ta ɗauki shekara ashirin tana yi wa tanki a Ingila, a nan ba ta jiran rabin haka.

Baburan zamanin Turawa ba su da wannan fargaba sosai. Lokacin da Italiya ta kama Kasala da Gallabat a Yulin 1940, har Birgediya William Slim ya kai farmakinsa Gallabat a Nuwambar wannan shekara, rundunonin Ingila da BSA M20 da Norton 16H suke aika saƙo, kuma da gangan aka shafa musu fenti marar ƙyalli don kada maƙiyi ya hango. Na farar hula kuwa, firam ɗinsu ana tsoma shi a baƙin fenti ne a gasa a tanda, ya fito da kauri da tauri. Tanki shi ke ɗaukar ado. Triumph Speed Twin na 1937 ya fito da ja mai duhu da siririn layin zinariya wanda mutum ke ja da buroshi da hannunsa. A ɓangaren feshi, kamfanin DuPont na Amurka ya riga ya fito da Duco, fentin da aka sarrafa daga auduga, wanda motar Oakland ta 1924 ta fara sawa. Shi ya rage bushewar fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i. Halinsa mai sauƙi ne: tinar da aka sirka shi da ita ta tashi, fenti ya bushe; a sake zuba tina, ya sake narkewa. Saboda haka tabo a jikinsa ba abin tashin hankali ba ne, ana fesa sabo ya narke cikin tsoho su zama ɗaya.

Duka waɗannan fentin launinsu ɗaya ne daga sama har ƙasa. In saman ya mutu, a goge shi, na ƙarƙashi ya bayyana da ransa. A nan aka haifi ɗabi'ar da har yau ba ta bar garejin Sudan ko na Kano ba: a jiƙa tsumma da kananzir ko dizal a shafe jikin ƙarfe, nan take ya yi sheƙi. Gaskiya man ba ya gyara komai, cike ramukan garin fenti kawai yake yi na yini ɗaya ko biyu, amma a kan fenti mai kauri ba ya yin ɓarnar da ido zai kama. Hannun usta ma ya saba da ƙarfi. Wanda ya girma yana gyaran Bedford, motar da masu sana'ar Sudan suka sake wa ƙira suka ƙarfafa har aka san ta da suna sifinja, ya san foti a shafa shi da kauri, samfefa mai kaushi a danna, fenti a zuba har ya ƙoshi. Ga motar da za ta yi dakon buhunan riɗi a hanyar da ba kwalta, wannan shi ne daidai, kuma ban ga abin zargi a ciki ba.

Babur ɗin gudu kwalta yake so, kuma kwaltar ta zo a shekarun 1970, lokacin da 'yan ƙasar Sin suka shimfiɗa hanyar Wad Madani zuwa Gadarif. A 1980 aka haɗe ta tun daga Hartum har Bur Sudan. A daidai wannan lokaci 'yan Sudan suka yi ta fita aiki ƙasashen Larabawa masu mai suna aiko kaya gida, kuma a daidai lokacin Japan ta ƙwace kasuwar babur daga hannun Ingila. Honda CB750 ya fito a 1969, Kawasaki Z1 a 1972, Yamaha RD350 a 1973. Manyan cikinsu ba su taɓa cika titi a gabashin Sudan ba, ƙananan ƙannensu ne suka yi yawa, amma salon fentin gidan ɗaya ne. Shi ne kandi, dabarar da masu ƙawata motoci a Kalifoniya suka shahara da ita a shekarun 1950. Ana fara fesa azurfa ko zinariya mai ƙyalƙyali, a bi ta da ja ko shuɗi mai shara-shara wanda ido ke ratsawa, a rufe da banish garai-garai. Haske ya shiga, ya daki azurfa, ya dawo ta cikin launi, sai tanki ya yi kamar yana da zurfi. A ganina ba a sake yin fentin babur da ya kai wannan kyau ba.

Amma ba a yi wanda ya kai shi rauni a gaban rana ba. Launin shara-sharan nan yana koɗewa daga inda rana ta fi duka, sai ka ga gadon bayan tanki ya koma ruwan azurfa alhali gefen ƙasa na nan da jansa. Usta da ya saba da Duco zai ce a kawo a taɓa wurin kawai, ya fesa, wurin ya fito da duhu fiye da kewayensa, don a kandi duk wucewar bindigar feshi ƙarin duhu ce. Ya ƙara don ya daidaita, abin ya ƙara ɓaci. Ba a yi wa kandi faci. Ko dai a bar shi da tsufansa a tsare abin da ya rage, ko a kankare tankin duka a sake daga shimfiɗa. Wanda ya zaɓi sakewa, ya fara ɗaga kujera ko ya kwance tambarin kamfani da ke gefen tanki, ya duba ƙasan tankin ma. A waɗannan wurare da rana ba ta taɓa gani ba asalin launin ke ɓoye, da shi ake gwada haɗi a kan guntun ƙarfe, a ƙirga sau nawa aka wuce, kafin a kusanci tanki. Masu gaggawa kan kankare wannan shaida tun ranar farko, su dawo suna haɗa launi da ka.

Sauyi mafi girma ya zo a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da babur ɗin tsere ya sa riga. Kawasaki GPZ900R, wanda aka fi sani da Ninja, ya fito a 1984, Suzuki GSX-R750 mai shuɗi da fari a 1985, Honda Fireblade a 1992. Inji ya ɓuya, abin da ido ke gani ya zama faffadar rigar roba, irin robar da ake kira ABS. Fenti kuma ya rabu gida biyu: launi siriri marar ƙyalli a ƙasa, banish mai tauri a sama, galibi a kan tanki sitika na kwance a tsakaninsu. Kaurin banish ɗin nan bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, kuma a cikinsa aka zuba sinadarin da ke tare hasken rana. Irin waɗannan babura ba sababbi suke zuwa yankin ba, na hannu ne, sun sha shekaru a Japan ko ƙasashen Larabawa, sun sha iskar gishiri a tashar jirgin ruwa. Wato fentin ya iso da furfurarsa.

A kan wannan riga duk tsohon magani ya zama guba. Tina tana cin ABS, ta bar shi da tsattsagewa. Man birki, wanda wasu ke shafa wa baƙar roba don ta yi sheƙi, yana ɗaye fenti, kuma ɗigo ɗaya daga kofin birkin hannu in ya kwana a kan riga ya isa. Dizal da baƙin mai suna kama ƙura, suna shiga duk wata tsaga, ranar da aka zo sake feshi sabon fenti ya ƙi zama, ya yi ta buɗe ƙananan ramuka. Gugar ƙarfi kuwa, wadda a da ke tono sabon launi, yanzu rage garkuwa take yi. Saboda haka kafin a taɓa tsohon babur akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba: a ɗiga folish kaɗan a farin ƙyalle, a goga a lungun da ba a gani. In ƙyallen ya ɗauko launi, fenti mai hawa ɗaya ne, gogewa za ta farfaɗo da shi. In ya fito fari, akwai banish, sai a yi a hankali. Ƙarce marar zurfi, wanda farce ba ya maƙalewa a ciki, ana iya lallaɓa shi da samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa, a bi da folish mai laushi, a guji gefuna da kusurwa inda fenti ya fi sirantaka. Amma in banish ya fara yin fari yana ɓarewa, magana ta ƙare, ba folish ɗin da zai mayar da shi, kuma mai sayar maka da wani a kan haka kuɗinka yake so. Ruwan hoda da ɗorawa masu ɗaukar ido da aka yi yayinsu a farkon shekarun 1990 su ma haka, in sun koɗe sun tafi. Wani abin mamaki, asiton da ke lalata ABS shi ne kuma ke ɗinke shi: a narka ɓarɓashin tsohuwar riga a ciki ya zama kunu, a cike tsaga ta ciki, ya fi kowane gam riƙo.

Akwai abin da ya fi tanki muhimmanci a wannan zamani, kuma ba a cika faɗarsa ba. Banish na yanzu sai an haɗa shi da maganin ƙarfafawa, wanda masu fenti ke ce wa hadna, kuma a cikinsa akwai sinadarin aisosayanet da ke haddasa asma. Yaro ya naɗe hanci da rawani ko ya sa takunkumin takarda, ya shiga rumfar kwano ya yi feshi, ƙura kawai ya tare, tururin ya wuce. Kofin madara da ake ba shi bayan aiki ba ya wanke huhu. Mai babur da ke cinikin a rage masa kuɗin aiki, da ya ƙara wani abu a saya wa yaron takunkumin kirki da ya fi.

Daga 1999, da Sudan ta fara fitar da man fetur, titi ya cika da raksha ta Bajaj da baburan Sin da Indiya. Pulsar, wanda ya fito a 2001, da Apache na kamfanin TVS sun ba saurayi siffar babur ɗin tsere a farashin da zai iya. Fentinsu siriri ne, kayansu kuma na nan a kasuwa, don haka gyara ya koma sauyi: riga ta fashe a sayo wata, launi ya koɗe a lulluɓe da sitika. Wata ɗabi'a da ɗan acaɓar Kano ya sani sarai, kafin a hana sana'ar a birnin a Janairun 2013, ita ce barin ledar kamfani a jikin tanki don babur ya daɗe yana sabo. Rana takan gasa ledar ta manne, raɓa ta shige ƙarƙashi, ranar da aka ɗaye a tarar da taswira. Rigar tanki ta fata ko ta leda ma da sharaɗi: in ba a cire ta ana kakkaɓewa ba, yashin da ya shiga ƙarƙashi yana nan yana niƙa fenti duk lokacin da gwiwa ta motsa.

Duk da haka, abin da ya fi cin fenti a Gadarif wanki ne, ko rashinsa. Garin ya daɗe da ƙishirwa. Ruwan famfo daga Shuwak ake turo shi, bakin kogin Atbara, bai kuma taɓa wadatar da kowa ba, unguwanni da yawa da amalanken jaki mai durom suka dogara. Wanda ya sayi ruwa da jarka ba zai kwarara shi a jikin babur ba, sai ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar guguwar habub. Ƙurar nan tana ɗauke da yashi wanda ya fi banish tauri, kowace shara kuwa zane dubu ne, shi ne saƙar da ake gani a tanki in rana ta haska. Damina ta zo da tata. Baƙar lakar da ta sa Gadarif ta zama rumbun Sudan tana kumbura in ta sha ruwa, ta liƙe a ƙarƙashin madgad da bayan inji, ta riƙe danshi kwana da kwanaki tana kiran tsatsa. In ta bushe ta zama dutse, mai ɓamɓare ta da ƙarfe ya tafi da fenti. Dabarar ba ta buƙatar ruwa mai yawa. A huda murfin gora a fesa, a bar laka ta jiƙa ta saki da kanta. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka kwaso ya koma. A fara daga sama, taya da sarƙa su zo ƙarshe da nasu tsumman. A yi a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, a tsane nan da nan, don ruwan rijiya mai gishiri in ya bushe a kan tanki mai zafi yakan bar tabon da ke cin banish. Omo yana wanke datti, yana kuma wanke kakin da aka shafa don kariya. Shi kansa kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil, ba ya daɗewa a zafin nan, sai an riƙa sabuntawa. Inuwar bishiya ma da kuɗinta, don kashin tsuntsu da ɗigon ƙaro in suka wuni a rana sai sun bar shaida.

A Japan da Ingila da Amurka masu tara tsofaffin babura sun daɗe da juya ra'ayi. Z1 ko CB750 mai fentin kamfani, ko da ya koɗe, yakan fi wanda aka sake wa feshi daraja, don sabon fenti na iya ɓoye foti da walda, tsoho kuwa ba ya ɓoye komai. A kasuwanninmu har yanzu sheƙi ke sayar da kaya, kuma na fahimci dalili, amma ina ganin asara ce a kankare fentin da ya rayu shekara arba'in don a burge mai saye na mako ɗaya. Abin da ra'ayi bai kawo ba, yaƙi ya tilasta. Tun daga 15 ga Afrilun 2023, da yaƙin ya ɓarke, masana'antun Hartum Bahri suka tsaya, kuɗin Sudan ya faɗi, gwangwanin banish da hadna ya zama abin da ake tunani kafin a buɗe. Gadarif ba ta faɗa hannun mayaƙa ba, sai ta zama mafaka ga waɗanda suka gudo daga Hartum, da Wad Madani a Disambar 2023, da Sinja a tsakiyar 2024, cikinsu har da masu sana'ar hannu. Hannu ya yi yawa, kayan aiki ya yi kaɗan, kuma a irin wannan hali gogewa da tsarewa sun fi feshi araha.

Baburan da suka fi shiga haɗari yanzu su ne waɗanda aka jingine a zaure ko bayan ɗaki, saboda tsadar mai ko don mai su ya yi nisa. Tamfol ɗin leda da aka ɗaure su da shi yana tara gumi da damina, fenti ya yi ƙuraje. Tsohon zanen gado na auduga ya fi shi, don iska na ratsawa. Tankin da aka bari da rabin mai kuwa yana tara raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa tun da ya fi fetur nauyi, ya ci ƙarfe daga ciki. Alamar farko ƙananan kumburi ne a fentin gindin tanki, kusa da ɗinkin walda. Mai gani zai zaci ciwon fenti ne ya ɗauko folish, alhali ƙarfen ne ya kusa hujewa. Wanda zai ajiye babur na watanni, ko dai ya cika tankin fal ya rufe, ko ya juye shi tas, ya busar, ya zagaya cikinsa da ɗan man inji, ya kuma ɗaga tayoyin daga ƙasa kafin ruwan Yuni ya sauka.